Idon Akwatin Mas'udu Mai Hoto

Ranar Juma'a aka yi ɓarnar, a farkon damina, shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau. Mas'udu mai hoto ya sauko daga masallaci ya tarar an ɓalle ƙyauren ɗakin aikinsa. Gilasan da yake ɗaukar hoto a kansu suna zube a bakin ƙofa, an farfasa su. Akwatin hoton kuwa yana nan tsaye bisa ƙafafunsa uku, baƙin ƙyallen na rataye a kansa, amma an kwance idon da ke gabansa an tafi da shi. Ba abin da ya rage a wurin sai rami.

Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika. Ba wanda ya yi mamaki sosai. Shekara biyu ke nan da Mas'udu ya buɗe wannan sana'a a Gusau, kuma har yanzu mutanen unguwa ba su saki jiki da ita ba. Wasu sun ce inuwar mutum yake kamawa ya kulle a gilashi. Wata mata ta ce tun da aka ɗauki mijinta bai sake yin ƙiba ba. Cikin masu wannan magana har da waɗanda nasu hoton ke ɓoye a ƙasan adaka.

Mai unguwa Hussaini ya aika aka kira Labbo.

Labbo mutumin Kucheri ne, ɗan mafarauta, ya haura shekara sittin. Bin sawu ne aikinsa: shanun da aka kora, jakin da ya ɓace, ɓarawon da ya haura katanga. Ya iso da gorarsa a hannu, ya dubi ƙasar ƙofar gidan, ya dubi taron.

"Ranka shi daɗe, nan waje kam an gama da shi," ya ce wa mai unguwa. "Wa ya shiga ɗakin?"

"Ba kowa," in ji Mas'udu. "Ko ni a bakin ƙofa na tsaya."

An shimfiɗa wa ɗakin yashin gulbi. Mas'udu ya ce kullum da safe yakan yayyafa masa ruwa saboda ƙura, don ƙura na ɓata gilashi. Yanzu yashin ya bushe, bai riƙe siffar ƙafa ba, sai gurbin taku. Labbo ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Mutum ɗaya ne. Sau ɗaya tak ya je wurin akwatin hoton. Amma tsakanin kantar da aka jera gilasan da bakin ƙofa ya yi ta kai da komowa, fiye da sau goma, har ya fitar da 'yar hanya a yashin. Can bisa tabarma kuma ga wani gilashi guda an ajiye shi daban, an naɗe shi da tsumma.

"A tattara fasassun nan a ƙwarya," in ji Labbo. "Kada a zubar da ko ɗaya."

* * *

Inna Luba mai fura tana zama daidai gaban gidan. Ta ce lokacin salla tana cikin gida, ba ta ga kowa ba. Amma da safe ta ga abin da ta gani.

"Wan Mas'udu ya zo daga Bungudu, Yahuza marini, bisa jakinsa. Faɗa suka yi har ina jin su daga nan. Ya ce, wanga akwati sai ya zama ajalin mutuncin gidansu. Ya ce da hannunsa zai fasa shi."

"Da bakinsa ya faɗi haka, Inna?"

"Da bakinsa. Ni ba ni ƙara wa magana gishiri."

Mai unguwa na tsaye yana ji. Ya ce ai magana ta ƙare, gobe da safe zai tura dogarai Bungudu. Labbo ya koma wurin Mas'udu, wanda ke zaune bakin zaure ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam Mas'udu, wanga ido da aka ɗauke, ba a samun irinsa kasuwa?"

"Ko Kano babu. Sai Ikko, can ma sai an yi sa'a. In babu shi, akwatin nan itace ne kawai."

"Kai ina ka samo shi?"

Mas'udu ya ba shi labari a taƙaice, kamar wanda ya saba bayarwa. A Bungudu aka haife shi, gidan marina. Yana da shekara goma sha bakwai ya bi ayarin fatake da ɗaukar kaya, ya yi Zungeru, daga can ya gangara Lakwaja. A bakin ruwa ya ga wani dattijo mutumin Saliyo ya sa kai cikin baƙin ƙyalle, mutane sun jeru gabansa ba mai motsi. Ya tsaya kallo har rana ta faɗi. Washegari ya dawo ya ɗaukar wa dattijon ƙafafun akwati ba tare da an sa shi ba. Baba Saro ake ce masa. Shekara biyu Mas'udu ya yi yana ɗebo ruwa yana wanke gilashi kafin a bar shi ya leƙa cikin ƙyallen. Shekara bakwai ya yi duka duka.

"Sai annobar mura ta zo, wadda ake ce wa marisuwa. Ta ɗauke maigida. Ya bar mani akwatin. Na yi Zariya da shi, na yi Kano, ina ɗaukar sojoji da akawuna da 'yan kasuwa. Da na ji dogo zai iso nan, na ce gara in matso gida."

"Ba shi da iyali, maigidan?"

"Ba shi da kowa," in ji Mas'udu, ya kau da kai.

* * *

Labbo ya ɗauki sawun jakin daga bayan gidan. Ba wuyar ganewa, kofaton baya na hagu ya tsage. Ya bi shi har wajen gari, ya hau hanyar Bungudu. Ran nan an yi ɗan yayyafi da hantsi, kuma cikin kowane gurbin kofato akwai tabon ɗigon ruwa. Ya ci gaba da bi har ya ƙetare rafi, tabon bai yanke ba. Ke nan kafin yayyafin jakin ya riga ya yi nisa da Gusau. Babu kuma sawun da ya juyo. Mas'udu kuwa bai rufe ɗakinsa ba sai da ladan ya yi kira.

Ya kwana a wani ƙauye, da safe ya shiga Bungudu. Ya sami Yahuza a marina, yana juya zane cikin karofi, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Babban mutum ne, mai kaurin murya.

"An ce ka yi rantsuwa za ka fasa akwatin ƙanenka."

"Na faɗi. In ka koma ka ce na sake faɗi. Ka ga karofin can da ya bushe? Na mahaifinmu ne, na Mas'udu ne, shekara goma sha tara yana jiransa. Yanzu garin ga ba a kirana Yahuza, sai wan mai kama inuwa. Akwai waɗanda suka daina kawo mani rini."

"An fasa mashi ɗaki jiya. An ɗauke idon akwatin."

Yahuza ya tsayar da hannu. "Akwatin ido gare shi?"

Suna cikin haka dogarai biyu suka iso. Labbo ya gaya musu abin da ya gani a hanya. Suka ce su aike aka yi musu. Yahuza ya wanke hannu, ya sa riga, ya bi su ba gardama.

A Gusau mai unguwa ya saurari Labbo har ƙarshe, sannan ya ce, "Labbo, alƙali ba ya karɓar shaidar ɗigon ruwa. Ga mutum ya faɗi da bakinsa, ga wadda ta ji. Ranar Alhamis za a kai shi. In kana da wani, kawo shi kafin nan."

Aka sa wa Yahuza marin ƙarfe a ƙafa, aka ajiye shi a zauren baya.

* * *

Ran Lahadi da safe Labbo ya je wurin Malam Attahiru, wanda ya sha yin wa'azi a kan hoto a bakin kasuwa. Ya same shi yana fiƙe alƙalami.

"Allah gafarta Malam, ana cewa ko cikin masu sauraronka wani ya ji zafin wa'azi."

"Ana cewa ni ne ma, na ji," in ji Malam Attahiru. "Ina sahun farko ranar Juma'a, kowa ya gan ni. Abin da nake faɗi kuwa ban janye ba, sana'ar nan ba ni son ta. Amma ban taɓa cewa a shiga ɗakin Musulmi a ɗauki kayansa ba. Kuma ka duba, Labbo. Wanda ya je don kishin addini, mi zai hana shi ragargaza akwatin? Mi zai yi da idon, shi kai gida?"

Labbo ya yi godiya ya tashi. Wannan tambayar tun Juma'a take cinsa.

Ya wuce gidan Mas'udu, ya sa aka fito da ƙwaryar fasassun gilasan. Suka zauna tsakar gida. Labbo ya ɗauki ɓalli guda ya juya shi. Shi dai baƙi-baƙi da fari-fari kawai yake gani.

"Ina son in san mutanen da aka fasa. Wataƙila akwai wanda ba ya son a ga fuskarsa."

Mas'udu ya karɓa ta gefe da yatsu biyu, ya ɗaga sama wajen haske. "Wani akawu ne. Ai wannan ya motsa, bai yi ba, na sake mashi wani." Ya ɗauki na biyu. "Wannan haske ya shige shi." Na uku ruwan magani ya ci gefensa. Na huɗu mutumin ya rufe ido.

"Mi ya sa kake ajiye lalatattu?"

"Gilashi wuyar samu gare shi. Nakan kankare in yi wani amfani da su."

"Daban kake jera su?"

"A'a. Duk a haɗe suke."

Ya ci gaba da ɗagawa, muryarsa na raguwa. Da ya kai na goma sha ɗaya ya ajiye shi a hankali. Babu mai kyau ko ɗaya a cikin ƙwaryar.

Labbo ya dubi yadda yake ɗaga gilashin wajen haske, ya tuna 'yar hanyar nan da ke cikin yashi. Mutumin ɗauka yake yi ya zo bakin ƙofa ya duba, in mai kyau ne ya mayar, in lalatacce ne ya fasa. Yana so a ce aikin masu ƙin hoto ne, amma hannunsa ya kasa fasa mai kyau.

"Wancan da aka naɗe bisa tabarma fa, kai ka ajiye shi?"

"A'a."

"Hoton wa ne?"

"Maigidana ne. Baba Saro."

"Malam Mas'udu, ban da kai, wa ya iya karanta gilashi a ƙasar ga?"

Mas'udu ya daɗe yana kallon ƙwaryar. "Ban san kowa ba," ya ce.

Labbo ya dube shi, ya ɗauki gorarsa ya fita. Ya tsaya wurin Inna Luba ya sayi fura.

"Inna, ban da masu zuwa hoto, wa ke shiga gidan ga?"

"Ba shi da mutane. Sai baƙon nan nasa, Garba, kafintan masu aikin dogo a Tsafe. Yakan zo ran Alhamis shi kwana, shi koma bayan Juma'a. Wanga mako ma ya zo, tare suka fita masallaci. Kaza ake yanka mashi duk zuwa. Amma ka san abin mamaki? Sai su zauna zaure tun la'asar har magariba, ban taɓa jin sun yi dariya ba."

* * *

Motar da ke kai wa ma'aikata kaya ta sauke Labbo a Tsafe ran Litinin da azahar. Sansanin yana gindin dutse, bukkoki da rumfunan kwano. Ya sami Garba a rumfar kafintoci yana goge katako. Siriri ne, sa'ar Mas'udu, yana da tari.

Labbo ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne, ya ba shi labarin ɓarnar. Garba ya yi salati.

"A cunkoson masallaci muka rabu," ya ce. "Ana sallamewa na wuce wurin mota, ban koma gidan ba."

"A ina kuka san juna?"

"Lakwaja. Unguwa ɗaya muka zauna."

"Kai ma ka taɓa sana'ar hoton?"

"Ni? Baba, ni zarto da guduma na sani."

Labbo ya zauna bisa wani gungume yana hutawa, idonsa na yawo. A ƙarƙashin teburin aiki akwai wani ƙaramin akwati sabo, an rufa masa buhu amma gefe ya fito. An huda gabansa, zagayayyen rami, cikinsa kuma an shafe da baƙi.

"Wannan fa na mi ne?"

"Na tantabaru ne."

Labbo ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kiwon tantabaru, bai taɓa ganin an shafa musu baƙi a ɗaki ba, amma bai faɗa ba.

"An kama wani?" Garba ya tambaya, yana ci gaba da gugar katako.

"Wan Mas'udu. Yau kwana biyu yana cikin mari. Alhamis za a kai shi gaban alƙali."

Hannun Garba ya tsaya. "Mas'udu ya san an kama shi?"

"Ya sani."

"Bai ce komai ba?"

"Mi zai ce?"

Garba ya sunkuyar da kai ga aikinsa. Labbo ya gaya masa mai unguwa na son ganin duk wanda ya taka gidan ranar Juma'a, jibi da hantsi. Garba ya ce zai nemi izini wurin shugabansu, zai zo.

* * *

Ran Laraba da hantsi aka taru a zauren mai unguwa. Malam Attahiru yana zaune bisa buzunsa. An shigo da Yahuza da marinsa. Garba ya zauna kusa da ƙofa, Mas'udu can gefe shi kaɗai. Mutanen unguwa sun yi cincirindo a waje.

Labbo ya kwance wani tsumma, ya fito da gilashin da aka ajiye daban bisa tabarma.

"Ranka shi daɗe, ni ban iya tambaya irin ta alƙalai ba. Abu ɗaya nake so. Kowa shi riƙe wanga abu shi gaya mani abin da ya gani."

Ya miƙa wa Malam Attahiru. Malam ya karɓa da bakin rigarsa, ya shimfiɗa bisa tafin hannu kamar faifai, ya leƙa.

"Gilashi ne mai hayaƙi. Ban ga komai ba."

Labbo ya karɓa ya ba Yahuza. Yahuza ya damƙe shi da manyan hannuwansa, ya juya gaba, ya juya baya.

"Datti ne a kai," in ji Labbo. "Sa yawu ka goge tsakiyar da yatsa, sai ka fi gani."

Yahuza ya lashi babban yatsansa, ya kai shi ga gilashin.

"Kada ka goge!" Garba ya zabura har ya miƙe bisa gwiwa. "Riƙe shi ta gefe, Malam. Za ka ɗauke mashi fuska."

Labbo ya juya gare shi.

"Fuskar wa?" in ji Labbo. "Malam bai ga fuska ba. Ni ma kwana biyar ina kallonsa ban gani ba. Kai kuma daga bakin ƙofa kake."

Labbo ya karɓi gilashin ya miƙa wa Garba. Ya karɓa ta gefe da yatsu biyu, ya riƙe a cinyarsa.

Labbo ya juya ga mai unguwa ya bayyana masa yadda sawun ya yi ta kai da komowa zuwa bakin ƙofa, da yadda aka zaɓi lalatattu kaɗai aka fasa daga cikin masu kyau. Ya ce wanda ya yi haka ɗan sana'a ne, kuma ya ga akwatin da ke jiran idon a Tsafe.

"Garba, kai ne?" in ji mai unguwa.

"Ni ne, ranka shi daɗe. Idon yana cikin jakar kayan aikina, lafiya lau yake. A kwance wanga bawan Allah, ba ruwansa." Ya yi tari, ya numfasa. "Amma ban ɗauki abin da ba nawa ba. A tambayi Mas'udu."

Kowa ya juya. Mas'udu na kallon ƙasa.

"Mu biyu ne wurin Baba Saro," in ji Garba. "Na riga shi zuwa da shekara guda. Ni na koya mashi riƙe gilashi. Da ciwo ya ci ƙarfin maigida ya kira mu, ya ɗora hannuwanmu bisa akwatin, ya ce namu ne mu biyu, kada mu rabu. Kwana biyu da binne shi ni ma na kwanta. Da na farfaɗo aka ce Mas'udu ya shiga jirgin ruwa da akwati. Shekara goma ina fafe katako. Bara na zo Gusau sayen ƙusa, na gan shi ya sa kai cikin ƙyallen maigida. Ya rungume ni, ya yanka mani kaza. Wata tara ina zuwa gidansa ina jira shi ɗauko maganar. Bai ɗauko ba."

"Kai mi ya hana ka ɗauko ta?"

"Ni aka yi wa, ranka shi daɗe. Ni kuma zan roƙa?"

Mai unguwa ya dubi Mas'udu. "Haka aka yi?"

"Haka aka yi," in ji Mas'udu, murya ƙasa ƙasa. "Mutane na mutuwa kamar ƙudaje. Na taɓa shi na ji jikinsa ya yi sanyi, na ce ba zai kai safe ba. Na ji tsoro na gudu. Da na gan shi da rai, kullum sai in ce yau zan faɗi, bakina shi ƙi buɗewa."

Mai unguwa ya yi umarni a cire wa Yahuza mari. Dogari ya durƙusa yana buga ƙarfen. Da aka gama Yahuza ya murza idon sawunsa, ya miƙe da kyar. Bai dubi Garba ba. Ƙanensa ya duba.

"Mas'udu, yaushe ka gane shi ne?"

"Yaya..."

"Tambayarka na yi."

"Ran Lahadi."

Yahuza ya lissafa da shuɗɗan yatsunsa. "Lahadi, Litinin, Talata. Kwana uku ina ɗaure kamar akuya, kana gidanka kana sane."

"Yaya, in na faɗi sunansa sai nawa ya fito."

"Na ji," in ji Yahuza. Ya yi wa mai unguwa sallama, ya tsaya gaban Labbo ya ce Allah shi saka da alheri, ya ratsa taron ya kama hanyar Bungudu a ƙasa.

Labbo ya ɗauki gorarsa. A bakin ƙofa wani Bafulatani na jiransa tun safe, an kore masa shanu huɗu wajen Bilbis.

* * *

Alƙali ya ɗaure Garba wata ɗaya saboda ɓalle ƙofa da ɓarna, aikinsa na dogo kuma ya tafi. Game da akwatin, tun da Mas'udu ya amsa da bakinsa, aka yanke na su biyu ne. Suka riƙa karɓa-karɓa da idon, wata uku nan, wata uku can. Garba ya ɗaura shi a akwatin da ya ƙera, ya bi sansanonin ma'aikata yana ɗaukarsu har dogo ya kai Ƙauran Namoda, a can ya zauna. Waɗanda suka ga aikin su biyun sun ce na Garba ya fi fita. Bayan shekara biyu Mas'udu ya samo wani ido daga Ikko ta hannun wani ɗan kasuwa, ya aika wa Garba cewa ya riƙe na maigida har abada. Garba ya aiko da godiya. Ba su sake zama zaure ɗaya ba.

Da jirgi ya fara zuwa Gusau sana'ar Mas'udu ta bunƙasa. Baƙi suka cika gari, masu awon gyaɗa da auduga, kowa na son hoton da zai aika gida. Mutanen unguwa ma suka daina ɓoye nasu.

Sau uku Mas'udu ya je Bungudu neman gafarar wansa. Duk zuwa Yahuza yakan amsa sallamarsa, ya sa a kawo masa ruwa, ya koma bakin karofinsa. Da kaka ta zagayo mahaifiyarsu ta rasu ranar wata Lahadi da safe, aka binne ta kafin azahar. Tsakanin Bungudu da Gusau tafiyar rabin yini ce. Sai ran Laraba, bayan kwana uku, ɗan aiken Yahuza ya iso da labarin rasuwar.